Lambobi Ukun da Na Goge

A shekarata ta biyu ta karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar ƙasar noma, na goge lambobi uku daga sakamakon gwajina, na sa waɗansu a madadinsu. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya tsaya a kaina. Da hannuna na yi, cikin dare, kuma a lokacin sunan da na ba abin a raina shi ne gyara. Ya ja mini ƙarin shekara guda a makaranta, wannan kuwa da sauƙi tunda ni na jawo wa kaina. Wanda ya fi ci mini rai shi ne ya ja wa waɗansu manoma tawayar alkamar rani guda, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Aikin da aka amince in yi ba shi da wuya a takarda: in gano yawan takin sufa da alkamar noman rani ke bukata a ƙasar fadama. Tun binciken farko-farko da aka yi a Samaru an san ƙasashen nomanmu na arewa suna da ƙarancin fosfaras, sinadarin da sufa ke bayarwa, wanda ke sa saiwa ta kama, gindi ya yi 'ya'ya, ƙwaya ta cika. Saura kawai a san iyakar inda ƙarin taki ke daina biyan kuɗinsa.

Wani dattijo a wani ƙauye na kwarin Haɗeja ya ba ni aron gefen gonarsa, da sharaɗin in na gama awo duk abin da aka girba nasa ne. Ya zaga da ni gonar da ƙafa, yana tafe yana nuni da sandarsa. Daga bakin hanya jigawa ce mai rairayi, ja-ja. In ka gangara sai ta fara kama laka, ta yi duhu. Can ƙasa kuma, kusa da inda ruwa ke kwanciya da damina, sai ya tsaya ya caka sandar, ta ƙi shiga.

"Nan kam, ɗana, kada ka sa aikinka," in ji shi. "Akwai kanwa. Ga inda shanu suka lashe. Shinkafa takan ɗan jure da damina, amma alkama ba ta son wurin."

Na ce, "To Baba, za mu auna mu gani."

Amsar ladabi ce a baki, amma a zuciyata na riga na wuce maganar. Ina bukatar fangali 16 masu girma ɗaya, in kuwa na bar gefen ƙasan filin ba zai isa ba. Ga lokaci yana ƙurewa, don alkama a nan sai an shuka ta tsakanin tsakiyar Nuwamba da farkon Disamba, yadda za ta yi fure cikin sanyin hunturu, in aka makara zafin Maris ya same ta ƙwaya ba ta cika ba. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kaina ba sai daga baya: ina ganin ni ne mai kayan awo, shi kuwa sanda kawai gare shi.

Kuskuren farko a bokiti na yi shi. Ƙa'idar ɗaukar samfurin ƙasa ita ce a bi gona a karkace, a haƙo daga wurare da yawa zuwa zurfin santimita 20, a zuba a bokiti ɗaya, a cakuɗa sosai, a ɗebi kaɗan a ƙulle. Duk na yi. Abin da na tsallake shi ne sharaɗin da ke tare da ƙa'idar a kowane littafi, cewa ƙasa iri ɗaya kaɗai ake cakuɗawa, inda launi ko gangare ko tarihin noma ya bambanta kowane yanki da bokitinsa. Ni kuwa na haɗa jigawa da laka da ƙasar kanwa wuri guda. Da aka auna sai ma'aunin pH ya ba da kusan 7, ba tsami ba kanwa, ƙasar da kowane manomi zai yi fata. Kamar ka haɗa kunun tsamiya da kunun kanwa a ƙwarya ɗaya ne, ka kurɓa, ka fita kana ba da labarin cewa kunun gidan nan ba ya da ɗanɗanon komai. Ƙasar da na auna babu ita a ko'ina cikin gonar Baba, a bokitina kaɗai take.

Na biyu ya fi muni, don da sanina na yi shi. Matakan taki huɗu ne: fangalin da ba a sa sufa ba sam, sai na kilo 30, 60 da 90 na fosfet a hekta, kowane mataki sau huɗu. A takardar neman amincewa na rubuta cewa ƙuri'a za a jefa a raba matakan cikin fangalan. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga Ronald Fisher, masanin lissafin da ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya kuma shimfiɗa ta a wata maƙala ta 1926 kan tsara gwajin gona. Hujjarsa a fili take. Ƙasa tana bambanta ta hanyoyin da ido ba ya gani, saboda haka in mutum ya zaɓi wuri da kansa ba zai taɓa sanin takin ne ya yi aiki ko wurin ba. Ƙuri'a ita ke raba sa'a da rashin sa'a a tsakanin matakai. Inda kuma ake ganin gangare, sai a yanka filin rukuni-rukuni a gicciye, na sama daban, na tsakiya daban, na ƙasa daban, kowane rukuni ya ɗauki duk matakan. Na ci jarrabawa a kan wannan, da maki mai kyau ma.

Amma ranar kafa turaku sai na jera su bi da bi daga bakin hanya zuwa ƙasa: sifili, 30, 60, 90, haka a duk layuka huɗun. Dalilina shi ne yaran da ke taya ni zuba taki kada su rikice, kuma in baƙi sun zo su ga alkama tana hawa mataki-mataki, abin sha'awa. Ta haka duk fangalan kilo 90 suka faɗa daidai wurin da sandar Baba ta ƙi shiga. Tun ran gini tun ran zane. Gwajin ya riga ya lalace tun iri yana cikin buhu.

Duk da haka na sami damar gyarawa, a nan ne kuma na yi abin da ya wuce sakaci. Kafin zuba taki na ɗebi ƙasar kowane fangali daban, kamar yadda aka tsara. Na shanya su a inuwa, na daka a turmi, na tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. A ɗakin gwaji ana zuba giram 10 na ƙasa cikin mililita 25 na tataccen ruwa, a motsa, a bar shi ya ɗan kwanta, sannan a tsoma mitar pH. Yawancin fangalan sun faɗi tsakanin 6 da 7. Da aka zo na ƙasa sai ɗaya ya haura 8, sauran ukun suka haura 9. Wanda bai saba da ma'aunin ba zai ga 6 da 9 ba su da nisa, alhali kowane mataki ɗaya ninki goma ne na wanda ke bayansa, daga 6 zuwa 9 ninki dubu ke nan.

Na ce mitar ce. Tsohuwa ce kam, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa. Akwai wani tsohon ma'aikaci da ke kula da ɗakin, wanda duk ɗalibai muke kira Baban lab. A gabana ya wanke bakin mitar, ya saita ta da ruwan saitawa, ya sake tsomawa. Lambobin ba su motsa ba. Ya jawo babban littafinsa mai baƙin bango ya rubuta su da biro, kamar yadda yake rubuta duk abin da aka auna a ɗakin, da kwanan wata da sunan mai samfuri.

"Malam, mitar nan ta tsufa amma ba ta ƙarya," ya ce da ni. "Ka koma ka duba wurin da ka ɗebo waɗannan."

Na ce in sha Allahu. A lokacin an riga an shuka, kuɗin mota ya yi ƙasa, kuma na san abin da komawar za ta nuna. A daren na buɗe kwamfuta, na share lambobin nan uku, na cike gurbinsu da matsakaicin sauran. Jadawalin ya yi kyau, ƙasa kusan iri ɗaya daga sama har ƙasa.

Ya kamata in faɗi cewa a bincike akan cire lambar da ta fita zakka, kuma ba laifi ba ne. Amma da sharuɗɗa: a san dalilin fitarta, kamar kwalba ta zube ko an musanya lakabi, a sake awon, sannan a rubuta a kundi cewa an cire kaza saboda kaza. Ni ban cika ko ɗaya ba. An ma sake awon a gabana ya tabbata. Dalilin cirewata kawai shi ne lambobin suna faɗar abin da zai rushe mini shekara.

Alkama ta fito. A fangalan sama ta tsira bai ɗaya, ta yi kore shar. A na ƙasa kuwa fuskar ƙasar ta yi ɓawo mai tauri, tsiro ya fito nan ɗaya can ɗaya. In an ba da ruwa, na sama ya shanye kafin a kashe inji, na ƙasa ya wuni kwance yana gurɓatacce. Abin da ya tsira ya tsumbure, ganyensa ya koɗe da zane-zane. Na shiga ɗakin karatu neman bayani, na kuwa samu: in fosfaras ya yi yawa a ƙasa yana hana shuka ɗaukar zinki. Gaskiya ne wannan, an rubuta shi a maƙaloli da yawa, kuma alamomin da ke jikin ganyen sun yi kama da na rashin zinki. Sai dai ƙasar da pH ɗinta ya haura 8 ita ma tana ɗaure zinki ko ba a sa sufa ko ƙwaya ɗaya ba, kuma wannan yana cikin littattafan da na karanta, shafi kaɗan tsakani. Na ɗauki bayanin da ya yi mini daɗi na bar ɗayan. Da na gama lissafi sai zanen ya hau har kilo 60, ya faɗo warwas a 90, da taurari biyu a gefen jadawali masu nuna bambancin ba na dace ba ne. Har na fara tunanin mujallar da zan aika wa.

Ranar girbi maƙwabtan Baba suka taru suna kallon ana auna dami-dami. Da idonsu suka ga fangalan da suka fi shan sufa su suka fi lalacewa. Wani ya tambaye ni dalili, na gyara tsayuwa na ce sufa in ya yi yawa yana kashe alkama. Baba yana tsaye a gefe, bai ce komai ba. A lokacin na ɗauka shirunsa yarda ce. Kara ce ya yi mini. Dattijo ba zai ƙaryata baƙonsa a gaban jama'a ba, balle baƙon da ya zo da sikeli da takardu. Maganar kuwa ta zaga ƙauyen, a hanya "in ya yi yawa" ta faɗi, aka bar "sufa yana kashe alkama, ɗan jami'a ya auna." Ga taki da tsada, wa zai ƙi labarin da ya rage masa kashe kuɗi?

Damina ta wuce ina rubutu. Sai da sanyi ya sake shigowa aka sa ni gabatar da sakamako a gaban malaman sashe. Na yi bayani, aka yi tambayoyin da na shirya wa. Can sai wani tsohon malami da ke koyar da rabe-raben ƙasa, wanda ba ya yawan magana a irin wannan zama, ya miƙo mini alli.

"Zana mana filin a allo, ka sa matakin kowane fangali."

Na zana.

"Ta ina ruwa ke gangarawa?"

Na nuna.

Ya dubi allon, ya dube ni. "Ƙuri'ar taka ce ta jera su haka har sau huɗu?"

Ɗakin ya yi tsit. Bai ƙara ko kalma ba, ya koma ya zauna. Da aka tashi malamin da ke duba aikina ya ce in same shi a ofis. Kafin in isa ya riga ya biya ta wurin Baban lab. Littafin mai baƙin bango yana buɗe a kan tebur, jadawalina a gefensa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Wanne ne sakamakonka a cikin biyun nan?"

"Ranka ya daɗe, na littafin ne."

Ya sa na rubuta wa kwamitin sashe abin da na yi, da hannuna, ba tare da kwana-kwana ba. Hukuncinsu shi ne a soke gwajin gaba ɗaya in sake daga farko, na kuma san da sun so da sun yi fiye da haka. Amma kafin in fita ofishin ya yi mini tambayar da ban zata ba: ko na gaya wa wani wannan sakamako a waje? Na ce manoman ƙauyen. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce in shirya, ƙarshen mako za mu je.

A gefen ƙasa na gonar ya sa aka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. A saman ƙasar akwai baƙin tabo mai maiƙo-maiƙo, wanda ya ce ruɓaɓɓen ganye ne da kanwa ta narkar ya taso ya bushe. Ƙasa da taƙi ɗaya sai ga laka ta tsaya ginshiƙi-ginshiƙi, kowanne da kai mai kumburi fari-fari, da ƙyar diga ke ɓantarar ta. Saiwoyi sun zo kanta sun karkace gefe. Sannan ya fito da kofuna biyu na gilashi, ya zuba tataccen ruwa, ya ɗauki busasshen curin ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa daga sama ya saka a ɗaya, wani daga ramin ya saka a ɗayan, ya ce kada kowa ya taɓa. Na saman ya jiƙe ya rushe a gindin kofi, ruwan ya zauna garau. Na ramin kuwa wani farin hazo ya fara fita daga jikinsa yana yaɗuwa, kafin mu gama gaisawa da masu wucewa ruwan ya zama tsararo. Wani masani a Ostareliya mai suna Emerson ne ya tsara wannan gwaji a 1967, kuma ba ya cin ko sisi.

A bakin ramin ya sake koya mini abin da na haddace na ci jarrabawa da shi. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, kuma fuskarsu tana jan sinadarai ta riƙe. In kalsiyam ne ya fi yawa a jikinsu sai ya ɗaure su curi-curi, a sami ƙofofin da ruwa da iska da saiwa ke bi. In sodiyam ne, sinadarin da ke cikin kanwa, sai ya raba su, kowace ƙwaya ta yi iyo ita kaɗai ta je ta toshe ƙofa. Shi ya sa ruwa ke kwanciya, in ta bushe kuma ta zama dutse. Littafin da cibiyar binciken gishirin ƙasa ta Amurka da ke Kalifoniya ta fitar a 1954, wanda har yau ake aiki da ma'aunansa, ya sa iyakar a kashi 15 cikin ɗari: in sodiyam ya kai haka a cikin abin da laka ke riƙe da shi, ƙasar ta zama mai kanwa, pH ɗinta kuma yawanci sama da 8.5. Ta bambanta da ƙasa mai gishiri zalla, wadda ruwa mai yawa da magudana mai kyau ke iya wankewa. Mai kanwa in aka wanke ta da ruwa kaɗai ƙara toshewa take yi. Sai an zuba jifsum, farin dutsen nan mai laushi da masana'antun siminti ke saye, wanda ake haƙowa a wurare irin su Fika a jihar Yobe, kalsiyam ɗinsa ya kori sodiyam, sannan a wanke, a kuma samar wa ruwan mafita. Da wannan hanya Indiya ta farfaɗo da filaye masu yawa a Haryana da Panjab bayan ta kafa cibiyar bincike a Karnal a 1969, kuma shinkafa suke fara shukawa a irin wannan ƙasa don ta fi jurewa. Abin da Baba ya faɗa mini ke nan da sandarsa a hannu.

Ya kuma nuna mini cewa ko awon fosfaras da na yi wa fangalan ƙasa ba abin dogaro ba ne. Na bi hanyar Bray ta 1945, wadda aka tsara don ƙasa mai tsami, alhali ƙasa irin wannan hanyar Olsen ta 1954 ake bi. Da na bar lambobin pH ɗin a wurinsu da su da kansu sun gaya mini haka. Sannan ya ce abin da ya fi ba shi takaici shi ne na jefar da abu mafi daraja a cikin aikin. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa, zafin rani yana jawo shi sama, ya ƙafe ya bar abin da ke cikinsa a fuskar ƙasa, ban ruwa ba magudana kuma yana ƙara ɗago shi. Wannan barazana ce ga duk mai noman rani a kwari, kuma ɗalibin da ya ci karo da ita a gonar gwajinsa ya sami abin rubutawa da ya fi yawan buhun sufa amfani.

Daga ramin muka zaga gonakin maƙwabta. Waɗanda suka ji maganata sun shuka alkama da yuriya kaɗai. A jigawa da tsakiyar gangare, ƙasa mai kyau wadda yunwar fosfaras ce kawai ke damunta, alkamar ta tsaya siririya, gindi bai yi 'ya'ya ba, tsofaffin ganye sun yi ja-ja. Kuma ba a iya ceto ta, don fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa yadda yuriya ke yi, a lokacin shuka ake sa shi kusa da iri. Wanda aka watsa a sama bayan wata biyu kusan a banza ne.

Na roƙi Baba ya tara mini mutane bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Na tsaya na ce maganar da na gaya musu bara ba daidai ba ce, kanwa ce ta kashe alkamar ba sufa ba, kuma an gaya mini tun farko na ƙi ji, awo ma ya nuna mini na ɓoye. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuyar fita, na kuma lura malamina yana jiran ya ji ko zan faɗe shi. Wani magidanci ya ce, "To yanzu wa zai biya mu?" Ba ni da amsa. Abin da na iya kai musu na sufa a shekarar da ta biyo baya, daga ɗan abin da nake samu, bai kama ƙafar asararsu ba. Dattawa suka ce ya wuce, Allah ya kiyaye gaba. Da muka keɓe Baba ya ce da ni, "Ai na gaya maka, ɗana. Amma da na ga kai ne mai awo, sai na ce ko ni ne ban sani ba."

Wannan magana ta fi hukuncin kwamiti zafi. Mutumin da ya shekara arba'in ko fiye yana noma wurin nan ya fara shakkar abin da ya sani, saboda yaro ya zo da mita. Ban taɓa lissafa cewa karatun yana ba maganata irin wannan nauyi ba. Ina ganin kundina tsakanina da malamai ne, takarda ce da za a ɗaure a ajiye a kanta ta yi ƙura.

Na sake gwajin a ranin da ya biyo baya. Na yanka filin a gicciye, jikan Baba ya zaro takardun ƙuri'a daga hulata, gefen kanwa kuma na ware shi na yi masa babi na kansa, da awon sodiyam da hanyar Olsen da bayanin ramin. Sakamakon takin bai da wani abin mamaki, amfani ya hau har kilo 60 sannan ya miƙe, abin da kowa ya zata. Mai jarrabawa na waje da ƙyar ya dubi wannan ɓangare, kusan duk tambayoyinsa a kan babin kanwa suka ƙare.

Ba na neman raba laifina da kowa, amma na san yanayin da ya sa abin ya zo mini da sauƙi, kuma yanayin yana nan. Ɗalibin digiri na biyu a wannan fanni yawanci da aljihunsa yake biyan kuɗin mota da lebura da awon kowane samfuri, don haka sake awo ɗaya yana nufin rage cin abinci. Malami ɗaya yana duba ɗalibai da yawa, wani har a gama bai taka gonar ba. Sannan mun ɗora wa taurarin jadawali daraja fiye da kima, har ɗalibi yana ganin in bai sami bambanci tsakanin matakai ba ya faɗi, alhali rashin bambanci ma sakamako ne, wani lokaci shi ne ke hana manomi sayen buhun da ba ya bukata. A irin wannan hali wanda ya gyara lamba yakan riga mai gaskiya gamawa, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke da littafi mai baƙin bango ba.

Fannin kuwa gaba ɗayansa a kan amanar rubutu yake tsaye, don ƙasa a hankali take sauyawa, ran mutum ɗaya ba ya isa a ga ƙarshen labari. Gwajin alkama na Broadbalk a Rothamsted tun 1843 ake yin sa a fili ɗaya, kuma suna ajiye da kwalaben ƙasa da na hatsi tun na ƙarni na 19, waɗanda masana na baya suka buɗe suka auna abubuwan da masu ɗibar ba su ma san da su ba. A Samaru an fara wani gwajin takin shanu da takin zamani a 1950, daga cikinsa aka ga yadda ƙasar da ake ta zuba wa takin naitarojin ba takin gargajiya take yin tsami da tafiyar shekaru. Duk wanda ke amfani da waɗannan lambobi yau ya dogara ne da cewa wani ma'aikaci da ya daɗe da rasuwa ya rubuta abin da ya gani, har a shekarar da lambar ta ba shi haushi.

Ɗalibin da ke shirin fita gona a bana, ka haƙa rami kafin ka kafa turke, ka rubuta abin da mai gona ya gaya maka a littafi ɗaya da sakamakon mita, da biro, kuma kada ka zubar da ragowar samfurinka sai ka kare kundi. Malamai masu duba ɗalibai kuma, don Allah ku daure ku taka gonar ko sau ɗaya ne kafin a shuka, ku kuma nemi ganin littafin ɗakin gwaji kafin ku karanta babin sakamako.